Ɗan Wasa Ba Shi Da Gizo: Abin Da Na Gani A Gusau, Tsafe Da Bunguɗu

Ƙasar Zamfara tana da hakki babba a tarihin wasan kwaikwayon Hausa, ko da yake ba kasafai ake tunawa da hakan ba. Wasan Marafa, wanda Alhaji Abubakar Tunau mutumin Talatar Mafara ya rubuta, aka buga a 1949, yana cikin wasannin farko da Bahaushe ya rubuta da hannunsa aka mayar da su littafi, shekara goma kafin Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi. Yau shekara saba'in da 'yan kai ke nan. A tsawon wannan lokaci mun karanta wasa a aji, mun saurare shi a rediyo, mun kalle shi a talabijin, mun saye shi a kaset da faifai, yanzu kuma ga shi a aljihun kowa. Amma har gobe, a cikin masu karanta wannan shafi, likita ne ko lauya ko babban sakatare, da wuya a sami wanda 'yarsa za ta ce masa tana son zama 'yar wasa bai ji gabansa ya faɗi ba. Muna son wasa, muna ƙyamar mai yin sa, kuma ba mu cika tsayawa mu tambayi kanmu yadda aka yi waɗannan abubuwa biyu suka zauna lafiya a zuciya ɗaya ba.

Wannan tambaya ce wasu matasa, waɗanda akasarinsu na taɓa koyar da su, suka ɗauka suka mayar wasan dandamali. Sun nuna shi sau uku a 'yan watannin nan, a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kuma na halarci duka ukun. Sun roƙe ni kada in ambaci sunayensu ko wuraren da aka ba su aro, ni kuwa na yi alkawari, domin dalilin roƙon nasu shi ne ainihin abin da wasan yake magana a kai.

Labarin ba shi da tsawo. Wata yarinya ce ta bar garinsu ta tafi Kano, ta shiga harkar fim, ta yi suna wajen fitowa a muguwar kishiya, mai shiga malamai da bokaye, mai raba miji da uwarsa. Bayan shekaru ta dawo gida da niyyar aure. Dangin manemin nata duk sun san ta, sun haddace maganganunta, ƙannensa mata suna rige-rigen ɗaukar hoto da ita, amma da maganar aure ta taso sai uwarsa ta ce ba da ita ba, ai ta ga abin da yarinyar ta yi wa surukarta a fim. In da nan aka tsaya, da labari ne da kowa ya saba ji. Abin da ya bambanta wasan shi ne yadda aka gina shi. Babu labule. A gaban jama'a 'yan wasan suke canja tufafi, a gabansu darakta yake tsayar da fitowa ya ce a sake, kukan bai yi ba, a ƙara hawaye. Can tsakiyar wasa yarinyar ta ajiye gyalen kishiya, ta matso bakin dandamali, ta tambayi 'yan kallo da muryarta ta yau da kullum: wa ke da hoton wata 'yar fim a wayarsa? Hannuwa suka tashi ana dariya. Sannan ta ce, to wa zai yarda ƙanensa ya aure ta? Daga ƙarshe kuma ba ta tuba ba, ba ta wulaƙanta ba, ba a ɗaura aure ba, ba a fasa ba. 'Yan wasan suka tattara kayansu suka sauka, suka zauna cikin mutane.

A Gusau, inda yawancin 'yan kallo ma'aikata ne da malaman makaranta da ɗaliban gaba da sakandare, na zaci za a karɓi abin hannu biyu. Ba haka aka yi ba. Wasu sun fice tun lokacin tambayar nan ta biyu, suna ganin an ci musu fuska a bainar jama'a. Waɗanda suka tsaya har ƙarshe kuwa ƙorafinsu ɗaya ne: ina darasin? Wani dattijo, tsohon ma'aikacin ilimi, ya ce shi a saninsa wasa faɗakarwa ne, wanda ya yi nagari ya ga sakamako, wanda ya yi mugunta ya ga ƙarshensa, amma a tara mutane awa ɗaya da rabi sannan a sallame su da tambaya, wannan rashin kammala aiki ne. Ban raina maganarsa ba, domin a kan wannan turba aka reni kunnenmu. Tun daga Wasan Marafa, wanda jigonsa tsafta da kiwon lafiya ne, zuwa Uwar Gulma na Mohammed Sada da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wasanmu na rubuce malami ne mai riƙe da alli. Mai kallo ya saba a nuna masa laifin wani, ya girgiza kai, ya koma gida da kwanciyar hankali. Ranar da aka juyo da madubi ta wajensa, dole ya ji wani iri.

Ba mu kaɗai ba ne a wannan. A watan Mayu na 1921, da aka fara nuna wasan Luigi Pirandello a birnin Rum na Italiya, wanda a cikinsa wasu mutane shida suke kutsowa wurin gwajin wasa suna neman marubucin da zai ƙarasa labarinsu, 'yan kallo sun yi ta ihu suna kiran wurin gidan mahaukata, har sai da marubucin ya sulale ta ƙofar gefe shi da 'yarsa. Shekara 13 bayan haka aka ba shi kyautar Nobel. Ba ina kwatanta yaran nan da Pirandello ba ne, wasansu yana da rauni a wurare da dama, musamman fitowar farko da ta yi tsawo fiye da kima. Abin da nake nufi shi ne duk inda wasa ya buɗe cikinsa ya nuna wa mutane yadda ake ɗinka shi, fushi ne yake fara zuwa kafin fahimta.

Sai dai namu fushin yana da wata saiwa da ta shafi harshe, kuma a nan ne nake son in ɗan daɗe, tunda nan ne gonata. Mu duba kalmomin da muke amfani da su. Mun kira abin “wasa”. Da wannan kalma muke kiran abin da yara suke yi a dandali, da ita muke kiran ƙwallon ƙafa, da ita muke cewa wane yana wasa da aikinsa, wato sakaci. Kishiyarta ita ce “gaske”. Saboda haka tun daga suna an riga an yanke wa sana'ar hukunci: babban mutum da iyali ya ce shi ɗan wasa ne, kunnen Bahaushe ya ji wani abu mai kama da rashin aikin yi. Akwai kuma wata kalmar da ake rubutawa da haruffa iri ɗaya, karin sauti ne kawai ya raba su, wato wasa wuƙa ko wasa gwarzo da kirari. Abin sha'awa ne a ce ɗan wasa ya rayu tsakanin kalmomin biyu, ana wasa shi da safe, da yamma a ce ai wasa yake yi.

Sai “kwaikwayo”. Masana ginin kalma sun daɗe da nuna cewa ninki ne daga tushen da ya ba mu “koyo” da “koyi”. Ke nan a can ƙarƙashin harshe, mai kwaikwayo ɗan'uwan mai koyo ne, kuma mun san abin da mutum ya yi ta koyo shi yake zama. Yaro yana kwaikwayon ubansa ne don ya gaje shi. To wanda ya shekara goma yana kwaikwayon ɓarawo fa? Harshen bai ce ya zama ɓarawo ba, amma ya bar ƙofar zato a buɗe. Haka nan fi'ilin da muke amfani da shi: muna cewa wance ta “fito” a karuwa, wane ya “fito” a boka. Da wannan fi'ili muke cewa halinsa ya fito, gaskiya ta fito. Abin da ya fito, a tunaninmu, da ma yana ciki.

Kalma ta ƙarshe ita ce “suna”, kuma ita ta fi nauyi. Da ita muke kiran abin da aka raɗa wa jariri ranar bakwai aka yanka rago, da ita muke kiran shahara, da ita muke kiran mutunci, shi ya sa ake ɓata suna. Ɗan wasan Hausa yana biyan kuɗin shahara da sunansa na yanka. Mutum nawa ne suka san Usman Baba Pategi kafin sanarwar rasuwarsa a 2023? Samanja aka sani. Rabilu Musa ya rayu ya mutu a matsayin Ibro. 'Yan wasa mata da yawa sunan fim ɗin da ya fito da su ne ya zame musu laƙabi har abada, kamar Dawayya, kuma wanda duk ya bi shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya san Kamaye da Adama, ko da bai taɓa jin sunayensu na gaskiya ba. A wasu ƙasashe jarumi ne yake ara wa fim sunansa. A wurinmu fim ne yake raɗa wa jarumi suna, ba tare da rago ba.

Mai karatu zai iya cewa, to ashe Bahaushe bai san bambancin wasa da gaske ba ke nan. Ko kusa. Kakanninmu sun fi mu sanin wannan bambanci, kuma sun gina masa katanga. Tatsuniya, wadda a nan yankin muke kira gatana, tana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Mai ba da ita tana buɗewa da kalmomin da kowa ya sani, in ta gama ta ce ƙurunƙus, ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. A lura da hikimar da ke nan. Tsohuwa ta yi muryar kura, ta yi ta Ƙoƙi, ta faɗi abin da bai taɓa faruwa ba, sannan ta ɗauki ƙaryar duka ta ɗora wa Gizo, ta tashi da mutuncinta. Tashe ma haka yake. Daga goma ga watan azumi yaro zai manna gemun auduga ya ɗaura rawanin tsumma ya kwaikwayi malam ko tsoho, a yi dariya a ba shi hatsi ko 'yan kuɗi, da watan ya wuce kuma ya koma ɗan wane. A wasan gauta matan fada suna kwaikwayon sarki da hakimansa, sarkin yana kallo. A kalankuwa samari suna naɗa gwamnansu da alƙalinsu bayan an kawar da amfanin gona. Ɗan kama yana kwaikwayon karatun malamai da zancen tuwo da miya. Bafulatani da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe, suna gaya wa juna maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ga alƙali. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da lokacinsa, da wurinsa, da alamar da ke cewa an fara, da wadda ke cewa an gama.

Abin da kyamara ta yi mana shi ne ta rushe ƙofar fita. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, wasa ya daina ƙarewa. Kishiyar da aka ɗauka tana zuba magani a miya shekara goma da suka wuce, yau ma tana zubawa a wayar wani a tashar mota. Fuskarta ce, muryarta ce, kusa-kusa, hawaye na gaske a ido, babu gemun auduga da zai tuna maka cewa aro ne. Ba ta da Gizon da za ta ɗora wa ƙaryar. Abin dariya ma, sunan Gizon muka ɗauka muka ba intanet, muka ce yanar gizo, wurin da ba a taɓa cewa ƙurunƙus.

Tarihin masana'antar Kano cike yake da shaidar haka. A ƙarshen 2000 gwamnatin jihar ta dakatar da harkar fim, a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2007 wani hoton waya na sirri, wanda ba fim ba ne kuma ba kamfanin fim ne ya ɗauka ba, ya jawo aka tsayar da sana'ar dubban mutane na tsawon watanni, kuma har yau da sunan fim ake kiran wannan rikici, wato Hiyana. Amma a daidai lokacin da ake tsine wa yarinyar a kan mumbari, hotunanta ne manne a jikin motocin haya da babura a cikin Kano. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta tura Ibro gidan yari, a watan Disamba na 2014 kuma jama'a suka yi dafifi wajen jana'izarsa. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowa a bidiyon wata waƙa, a shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa ta jihar Kano bayan malamai da jama'a sun yi ca. Masu tsinuwar da masu kallon ba al'umma biyu ba ne. Sau da yawa mutum ɗaya ne.

A Tsafe da hantsi aka yi wasan, domin kowa ya san halin da hanyar Gusau zuwa Funtuwa take ciki, babu mai son la'asar ta same shi a kanta. 'Yan kallo sun fi na Gusau gauraya: ɗalibai, 'yan kasuwa, matan aure da suka zauna gefe guda. Sun fi sakin jiki, sun yi ta shewa lokacin da darakta yake cewa a ƙara hawaye. Amma da yarinyar ta yi tambayarta ta biyu sai wurin ya yi tsit, har wata dattijuwa da ke kusa da ni ta juya ta tambayi maƙwabciyarta da harshenmu na gida: “Wagga ɗiyar wa ta?” Wannan tambaya ta fi duk sharhin da na ji a Gusau gaya mini gaskiya. Dattijuwar ba ta tambayi abin da zai faru da yarinyar cikin labari ba. So take ta san gidan da ya bar 'yarsa ta tsaya gaban maza tana irin wannan magana. Wato abin da wasan yake zargin 'yan kallo da shi, shi ta aikata nan take, da zuciya ɗaya, ba da mugunta ba.

Samarin Tsafe kuwa wani gefen suka kama. A tattaunawar da aka yi bayan wasa, ɗaya daga cikinsu ya ce shi bai ga abin tausayi a lamarin yarinyar ba, tunda an san ta, kuma a zamanin nan gara a san ka da kowane irin suna da a ce ba a san ka ba. Maganar ta dame ni saboda wurin da aka yi ta. A cikin wannan ƙaramar hukuma ce, a 'Yandoton Daji, aka naɗa ƙasurgumin ɗan bindiga Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani a watan Yuli na 2022, abin da ya sa gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Yaran nan suna ganin 'yan bindiga suna baje kuɗi a TikTok, mutane suna bin su. Tun da can ma ƙasar nan ta san wannan rikici na suna: ta saurari Kassu Zurmi, ta saurari Gambo mai waƙar ɓarayi, tana jin daɗin waƙa tana kuma tambayar ko mawaƙin ma ɓarawo ne. Amma a wancan lokaci ɓarawo yana ɓoye fuskarsa. Yau mai aikata ta'asar ya fito fili yana neman 'yan kallo, ita kuwa wadda ta kwaikwayi mugunta don a guje ta, ita ce take roƙon kada a buga sunanta a jarida.

Abin da ya faru a Bunguɗu ba a shirya shi ba. Kwana biyu kafin ranar, iyayen yarinyar da take fitowa a jarumar suka hana ta zuwa, domin maganar Tsafe ta riga ta iso gida. Ban ga laifinsu ba, su ne za su zauna da surutun unguwa. Da aka rasa wadda za ta maye gurbinta, sai ɗaya daga cikin samarin ya yafa gyale a kan rigarsa, da hularsa a kai da ɗan gemunsa, ya ce shi ne ita. Na zauna ina jiran abin ya watse. Sai ga shi nan ne aka fi fahimtar wasan. Mutane sun yi dariya har da hawaye a fitowar kishiya, kuma da aka zo tambayar aure, maimakon shiru, sai gardama ta ɓarke a tsakanin 'yan kallo su da kansu. Wani magidanci ya ce shi dai ba zai yarda ba, kuma ya san ba shi da hujja. Wata malamar makaranta ta ce in haka ne a daina kallon su mana, a ga ko za a iya. An fi rabin awa ana wannan, babu wanda ya tambayi ɗan gidan wa ne.

Dalilin a fili yake. Hula da gemu sun yi aikin da gemun auduga yake yi a tashe. Kowa yana ganin tazarar da ke tsakanin mai wasa da wadda yake wasan, saboda haka hankali ya bar jikinsa ya koma kan maganar. Bajamushen nan Bertolt Brecht ya gina makaranta guda a kan wannan dabara, ta hana mai kallo nutsewa don ya sami damar tunani, yaran unguwarmu kuwa suna yin ta kowane azumi ba tare da sun ji sunansa ba. Sai dai kada in yi saurin murna. A Bunguɗun ma wani malami ya ja ni gefe ya nuna rashin jin daɗinsa da namiji ya yafa gyale, yana mai tunatar da ni hanin da ya zo a kan kamanceceniya tsakanin maza da mata. Ga kuma wani abin da ya fi ci mini rai: an saurari kukan 'yar wasa ne kawai a ranar da babu mace a kan dandamali. In maganin matsalar shi ne a cire mata, to ba a magance komai ba.

Ba na cikin masu ɗaukar damuwar malamai da iyaye a matsayin duhun kai. Akwai cakuɗuwar da ba ta dace ba a harkar fim, akwai masu cin zarafin yara mata da sunan za su fito da su, kuma 'yan fim ɗin da kansu sun sha faɗin haka. Wanda ya ce a tsaftace sana'a yana da gaskiya. Inda nake rabuwa da mutane shi ne wurin da ake ɗaukar abin da aka gani a labari a matsayin shaida a kan halin mutum. Shari'ar da muke alfahari da ita ta tsananta ƙwarai a kan zato da ƙazafi. Makarantun Islamiyya da yawa suna shirya ɗan wasa ranar saukar karatu, yaro ya fito a mashayi ko mai saɓa wa iyaye, kuma ba a taɓa hana shi aure saboda haka ba, domin kowa ya san shi, ya ga lokacin da ya hau da lokacin da ya sauka.

Wannan ganin hawa da sauka shi ne abin da matasan Zamfara suka rasa. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999 an rufe gidajen sinima, kuma duk abin da mutum zai ce game da abubuwan da ake yi a waɗannan gidaje, ba a kawo wani wurin kallo na tare mai tsafta da zai maye gurbinsu ba. Daga baya rashin tsaro ya zo ya cinye dandali da wasan dare. Sace 'yan matan Jangebe a watan Fabrairu na 2021, da rufe makarantu da kasuwanni da layukan waya a watan Satumba na shekarar, sun sa ko shugaban makarantar da ke son ƙungiyar wasan kwaikwayo sai ya yi tunani biyu kafin ya tara yara. Sakamakon shi ne muna da masu shekara 25 da suka kalli dubban finafinai, kowa shi kaɗai da wayarsa, amma ba su taɓa ganin ɗan wasa ya cire rawani ya sauko ya gaishe su ba. A shekarun 1970 malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Michael Etherton da Salihu Bappa, sun kai wasa ƙauyukan ƙasar Zazzau da Katsina, suna tsayar da shi a tsakiya su tambayi manoma yadda ya kamata a ci gaba. A Nijar ƙungiyoyin samariya da gwanaye irin su Yazi Dogo sun cika filaye da wasan Hausa. Ke nan abin da yaran nan suka gwada ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, mantawa aka yi da shi. Ba ya bukatar biliyoyin naira. Aji ɗaya da benci da malamin Hausa mai himma sun isa, in hukumomin ilimi za su mayar da Wasan Marafa da 'yan'uwansa daga takardar jarrabawa zuwa bakin yara.

Yanzu gardamar da ke tsakanin matasan ita ce ko su ɗauki wasan a bidiyo su ɗora a YouTube. A duka wuraren uku sun roƙi mutane su ajiye wayoyinsu, kuma galibi an ba su haɗin kai. Da suka nemi ra'ayina na ce su bari tukuna, domin ranar da aka yanko minti ɗaya na fitowar kishiya aka watsa, babu darakta, babu tambaya, babu saukowa, yarinyar nan za ta zama ainihin wadda ta kwaikwaya, kuma ba za a ƙara kiran ta da sunan da ubanta ya raɗa mata ba. Biyu daga cikinsu ba su yarda da ni ba. Sun ce a wannan zamani wasan da ba a ɗauka ba tamkar ba a yi shi ba ne, kuma mutanen Ƙaura Namoda da Anka da Gummi ba za su taɓa ganin sa ba in ana jiran hanya ta yi kyau. Ita yarinyar, wadda fuskarta ce za ta fita, ta ce a ba ta lokaci ta yi shawara da mahaifiyarta.